Tobo: 'Yar fankar da ke jan motocin alhazai da ƙarfin hayaƙi

Daga Shari'a Mansur, Makka

Duk wanda Allah Ya nufa da sauke farali ba zai manta da yammacin ranar Arfa ba. Da zarar rana ta faɗi sai filin nan ya ɗauki gurnanin dubban motoci a lokaci guda, kowace ta sa gaba zuwa Muzdalifa, tafiyar da ba ta wuce kilomita goma ba amma takan ci awoyi. A irin wannan yammaci ne, a aikin Hajjin 2024, wani ƙanenmu ɗan unguwar Mansur da ya samu aikin tuƙi na wucin gadi a wani kamfanin jigilar alhazai ya bugo mana waya murya na rawa. Ya ce motarsa ta soma wani irin fito kamar jiniya, sai tuttulo baƙin hayaƙi take yi, ya taka totur har ƙasa amma ta ƙi ja. A bayansa akwai alhazai kusan hamsin, galibinsu dattawa. Dole ta sa ya kashe injin, kuma injin na mutuwa na'urar sanyaya mota, wadda a nan muke kira mukayyif, ita ma ta mutu.

Idan mai karatu bai manta ba, wannan ita ce shekarar da zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, har hukumomin Saudiyya suka bayar da sanarwar rasuwar mutum 1,301. To, cikin ikon Allah wata motar ta zo ta kwashe mutanen ba tare da an rasa kowa ba. Da aka ja tasa zuwa gareji sai makanikai suka ce tobo ne ya tashi. Kamfanin ya ce sakacinsa ne, aka zaftare masa kuɗin gyara daga haƙƙinsa, ya dawo gida kusan hannu rabbana. Da muka tambaye shi mene ne tobo, kuma me ya kashe shi, sai ya ce wallahi shi dai ya san wani ƙarfe ne mai kama da dodon koɗi a gefen injin.

Wannan amsa tasa ce ta dame mu. Mu matasan Mansur jikoki ne da tattaɓa kunnen mutanen da suka taho daga ƙasar Hausa da Barno, wasu a ƙafa ta Sudan, wasu tun bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu kuwa a jirgin sama daga baya. Akwai 'yan ƙasa a cikinmu, akwai masu igama, akwai waɗanda har yau takardunsu ba su daidaita ba. Amma in ka ɗebe 'yan kaɗan da suka yi zurfi a karatu, abincin da yawa daga cikinmu a jikin mota yake: tuƙi, kanikanci, wankin mota, sayar da kayan gyara. Mun ga bai kamata a ce abin da ke ciyar da mu, kuma yake iya jawo mana asara, ba mu san yadda yake aiki ba. Sai muka sayo mataccen tobo a tashlih, wato inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, muka kai wa wani dattijon makanike a unguwarmu ya warware mana shi gunduwa-gunduwa, muka haɗa da ɗan abin da muka karanta. Abin da muka fahimta ne muke son mu kawo wa masu karatu, musamman 'yan uwanmu direbobin tirela da bas a gida Nijeriya da Nijar.

Injin ya fi shan iska a kan mai

Abu na farko da ya ba mu mamaki shi ne, ashe injin dizal ya fi buƙatar iska a kan mai nesa ba kusa ba. Kafin lita ɗaya ta gas ta ƙone sarai, sai an haɗa ta da iska aƙalla lita 10,000. In iskar ta gaza, ko ka ƙara mai banza ne, ba zai ƙone ba, sai dai ya fito ta salansa a matsayin baƙin hayaƙi. Saboda haka ƙarfin injin ya dogara ne a kan yawan iskar da za a iya cusa masa. A ɗaya ɓangaren kuma, wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ke cikin man da ka saya yana ficewa ne ta salansa, a matsayin zafi da matsin hayaƙi.

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi tunanin haɗa waɗannan abubuwa biyu, ya kuma yi wa dabarar rajista a 1905. Ya ce me zai hana a sa fanka a hanyar hayaƙin, hayaƙin ya juya ta, ita kuma ta juya wata fankar da ke kan sanda ɗaya da ita, wadda za ta zuƙo iska daga waje ta danna cikin injin? Sai da aka shafe kusan shekara ashirin kafin a samu ƙarfen da zai jure. A tsakiyar shekarun 1920 aka sa ta a wasu jiragen ruwa biyu na Jamus, ƙarfin injinsu ya tashi daga doki 1,750 zuwa 2,500. A 1938 kamfanin Saurer na Suwizalan ya sa ta a babbar mota, a 1978 kuma Mercedes ya fito da ƙaramar motar dizal mai tobo. Yau da wuya ka ga sabuwar bas ta dizal a Makka, ko Yutong ce ko King Long ko Mercedes, da ba ta da shi.

Ga misali da kowane direba zai gane. Tsohon injin 1HZ da ke cikin Coaster da Land Cruiser girmansa lita 4.2 ne, ba shi da tobo, ƙarfinsa kuma doki 130 ne ko kusa da haka. Injin 1GD da ke cikin sababbin Hilux da Hiace lita 2.8 ne kacal, amma da yake yana da tobo ya haura doki 170. Dattawanmu har gobe sun fi yarda da 1HZ, suna cewa shi ba ya laulayi, kuma ba mu ga laifinsu ba. Sai dai mai ya daina araha. Litar dizal da ake saya halala 25 a ƙasar nan kafin ƙarshen 2015 ta koma riyal 1.15 a Janairun 2024, ta kuma kai riyal 1.66 a Janairun 2025.

Abin da ke faruwa a cikin dodon koɗin

Yanzu bari mu shiga ɓangaren hayaƙi, domin nan ne wahalar take. Gidan fankar an ƙera shi ne kamar dodon koɗi, bakinsa da faɗi, yana zagayawa yana tsukewa. Hayaƙi na shiga da zafin da kan kai digiri 700 ko fiye in mota na jan kaya, tsukewar nan ta ƙara masa gudu, ya daki fikafikan fankar ta gefe, ya lanƙwasa ya fita ta tsakiya. Kafin ya fita ya bar wani kaso na zafinsa da matsinsa a jikin fankar. A manyan motoci fankar kan yi juyi wajen 100,000 a minti ɗaya, a ƙananan motoci kuwa takan haura 200,000. Mun zauna mun buga lissafi da kanmu: fankar da faɗinta ya kai santimita takwas, in tana juyi 100,000 a minti, bakin fiffikenta na gudun kilomita 1,500 a awa. Jirgin da ke ɗauko alhazai daga Kano zuwa Jidda bai wuce kilomita 900 a awa ba. Ƙarfe na yau da kullum ba zai jure wannan gudu cikin wannan zafi ba, shi ya sa ake yin ta da wani haɗin ƙarfe mai yawan nikel da ake kira Inconel, kuma shi ya sa take da tsada.

To amma hayaƙin injin ba kamar ruwan famfo yake zuwa ba. Bugu-bugu yake zuwa. Duk sanda bawul ɗin silinda ɗaya ya buɗe sai hayaƙi ya fito da ƙarfi kamar an harba, sannan ya lafa, sai na gaba. Injin mai silinda shida yana bugu uku a kowane juyi, ke nan in yana juyi 1,500 a minti, fankar na shan bugu 75 a daƙiƙa ɗaya.

Dattijon namu ya kwatanta mana shi da lugude. Ya ce in mata uku na daka a turmi ɗaya, kowace na da lokacin da za ta saki taɓaryarta, wannan na ɗagawa waccan na sauka. Amma in ka tara mata shida a turmi ɗaya taɓare za su yi ta karo, daka ba zai yi kyau ba. Magani shi ne a kawo turmi biyu, uku nan uku can. Haka maƙera suka yi. Bawul ɗin hayaƙi kan zauna a buɗe na kusan kashi biyu cikin uku na juyin injin, don haka silinda uku ne kawai za su iya karɓa-karɓa a bututu ɗaya ba tare da hayaƙin wata ya tokare na wata ba. A injin mai silinda shida da ke tashi a jerin 1-5-3-6-2-4, sai a haɗa ta ɗaya da ta biyu da ta uku a hanya guda, sauran ukun a wata hanyar, a kuma raba bakin dodon koɗin gida biyu da bango a tsakiya. Da muka leƙa bakin wanda muka saya sai ga bangon nan, ya tsage saboda zafi. Da can mun sha ganin irinsa, ba mu taɓa tambayar amfaninsa ba.

Akwai wata matsalar da har yau masana ke fama da ita. Fanka irin wannan ta fi cin moriyar hayaƙi ne idan gudun bakin fiffikenta ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na gudun da hayaƙin zai iya yi. Amma gudun hayaƙin hawa da sauka yake yi sau da dama a daƙiƙa, ita kuwa fankar saboda nauyinta ba za ta iya bin sa ba. Wato a daidai lokacin da bugun ya fi ƙarfi, lokacin da ya kamata ta kwashi rabonta, sai ya zamana hayaƙin ya fi ta sauri, ya daki fikafikan a karkace, wani kaso ya tafi a banza. Bugu da ƙari, an saba gwada tobo a masana'anta ne da iska mai zuwa bai ɗaya, alhali a jikin mota ba haka abin yake ba. Wannan ne ya sa a Kwalejin Imperial da ke Landan aka gina na'urar gwaji mai kwaikwayon bugun injin, aka kuma yi ta bincike a kan wata irin fanka da hayaƙi ke shigarta a jirkice maimakon ta gefe sak, domin ta fi dacewa da ƙololuwar bugun.

Sai kuma batun girman gidan. In maƙogwaron dodon koɗin ƙarami ne, tobo zai tashi da wuri ko da injin na tafiya a hankali, amma in aka taka mota sosai sai ya shaƙe hayaƙin, injin ya yi zafi. In babba ne, mota za ta yi daɗi a doguwar hanya irin ta Makka zuwa Madina, amma wajen tashi sai ka taka ka jira. Maƙera sun ɓullo wa abin ta hanya biyu. Ta farko ita ce 'yar ƙofa da ke buɗewa ta zubar da rarar hayaƙi in matsi ya yi yawa. Ta biyu, wadda ke cikin sababbin motoci, ita ce wasu 'yan fikafikai masu motsi da ke kewaye da fankar, kwamfutar mota na tsuke su tana buɗe su gwargwadon buƙata. Kamfanin Holset na garin Huddersfield a Ingila, wanda Cummins ya saya a 1973, shi zobe mai zamewa yake amfani da shi a maimakonsu.

Me ya sa Makka ke cin tobo?

A ganinmu da wuya a samu garin da ke wahalar da wannan na'ura kamar garin nan namu mai alfarma. Iskar da ta kai digiri 45 ta fi ta digiri 20 sakayau da wajen kashi 8 cikin 100, don haka tun daga farko tobo na aiki fiye da kima kafin ya tara abin da injin ke so. Matse iska kuma zafi yake ƙara mata. In aka matse ta ninki biyu da rabi a irin wannan rana, takan fito da zafin da ya haura digiri 160, sai ta bi ta wani lagireto na musamman da ke gaban mota ta huce. In ƙura ta toshe wannan lagireton, iska mai zafi za ta shiga injin, hayaƙi ya ƙara zafi, fankar ta ƙara gasuwa. Ga kuma hawa. Makka ba ta kai mita 300 daga doron teku ba, Ɗa'ifa kuwa ta kusa mita 1,900, inda iska ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Mota mai tobo ba ta cika jin hawan ba, direba na ta murna, bai san fankar ce ke ƙara juyi tana biyan bashin ba.

Amma babban abin da ke kashe shi a lokacin Hajji tsayuwa ce, ba gudu ba. Duk da jirgin ƙasan Masha'ir da aka buɗe a 2010, har yanzu bas sama da 20,000 ake tanada domin jigilar alhazai a kowace shekara. Motocin nan sukan yini a kunne a Mina da Arfa saboda mukayyif, ba tare da sun motsa ba. Injin da ke sulo hayaƙinsa ba zafi ba ƙarfi, matsin da ke taimaka wa zoben da ke tare baƙin mai a cikin tobo ya ragu, mai ya soma tsatsafowa, ya haɗu da kunkunniya ya daskare a jikin fikafikan nan masu motsi. Can da yamma a ce kowa ya tashi, a cika mota, direba ya taka da ƙarfi. In fikafikan sun maƙale a buɗe mota ba za ta ja ba, in kuma a tsuke suka maƙale fankar na iya wuce iyakar gudunta. Da ƙanen namu ya ba dattijon labarin yadda motarsa ta yini, bai bari ya ƙarasa ba ya ce ya gane. A nan ne muke ganin an zalunci yaron, domin ba shi ya ce a bar mota a kunne ba, kuma da ya kashe ta tun da rana da alhazan ne za su galabaita.

Sai dai mu ma muna da namu laifin, kuma gara mu faɗa da bakinmu. Sandar tobo ba a kan ƙarfe take juyi ba, a kan ɗan siririn baƙin mai take shawagi. Direban da ya taso daga Madina ya shafe sama da kilomita 400, ya iso ya kashe mota nan take, ya tsayar da mai alhali gidan fankar na nan da zafi kamar garwashi. Man da ya rage a ciki sai ya soye ya zama gawayi, gobe ya toshe hanya. Minti uku zuwa biyar na sulo sun isa su hana wannan. Akwai kuma al'adar nan ta a taka totur sau biyu kafin a murɗe makulli, wai don mota ta tashi da wuri da safe. Wannan tura fankar ne ta yi ta juyi babu mai. Haka nan mai tayar da mota da asuba ya taka ta tun mai bai zagaya ba.

Ƙura ma na nan, ga ta hamada ga ta gine-gine da rusau da ba sa ƙarewa a garin nan. Yaran gareji sukan ciro matatar iska su hure ta da iskar kwamfiresa mai ƙarfi har takardar ta yage ba su sani ba. Fankar da ke ɓangaren iska galibi da alminiyam ake yin ta, tsakuwa ɗaya ta isa ta gutsure mata baki, kuma da zarar nauyin gefe ɗaya ya bambanta da na ɗayan, a irin wancan gudun, kwananta ya ƙare. Wanda ke bin hanyar Kano zuwa Maraɗi ko Agadas da hunturu ya san irin ƙurar da muke nufi.

Wani abin da muke yawan gani shi ne sayen tobo a tashlih da ido kawai. A ɗauko wanda ya yi kama, ramukan kusoshi su dace, a ɗaura. Alhali maƙogwaronsa na iya zama na wani injin ne daban, ko kuma a ɗaura marar bango a injin da aka ƙera wa mai bango. Mota za ta tashi, amma ba za ta ja kamar da ba, mai kuma zai ƙaru. Kowane tobo na da lamba a jikin ɗan faranti, ita ya kamata a bi, ko a nan ne ko a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Wanda aka warware aka sake haɗawa kuwa, in ba a ɗora shi a na'urar daidaita nauyi ba, kuɗin mai mota ne kawai aka ci. Masu zuwa a taɓa musu kwamfutar mota ko famfon mai don ta ƙara gudu, su ma zafin hayaƙi suke ƙarawa a kan fankar da ba a ƙera ta don haka ba.

Akwai haɗari guda da muke roƙon kowane direba ya sani. In sandar tobo ta lalace sosai, baƙin mai na iya kwarara ta hanyar iska ya shiga silinda, injin dizal kuwa yana iya cin baƙin mai kamar yadda yake cin gas. Sai ka ji injin ya haukace yana ƙara gudu da kansa, farin hayaƙi ya turnuƙe wuri, ka zare makulli amma bai mutu ba. Abu na farko shi ne a sauke fasinja a nisanta su. Ba abin da ke kashe shi sai a toshe masa iska da wani abu mai tauri kamar katako, ba da hannu ko tsumma ba, ko kuma in mai giyar hannu ce a sa babbar giya a danne birki a saki kuloci. Alamun kan zo tun da wuri: shuɗin hayaƙi, raguwar baƙin mai ba tare da ɗiga a ƙasa ba, jiƙewar tiyon iska da mai, da kuma sauyawar fiton nan zuwa kuka.

Tun daga lokacin muka mayar da shi al'ada, duk daren Juma'a bayan sallar Isha muna haɗuwa a garejin dattijon nan da ke bayan Shari'a Mansur, a baje gunduwoyin tobon a kan kwali, duk wanda zai nemi aikin tuƙi a Hajji mai zuwa sai ya haɗa shi da hannunsa ya kuma faɗi aikin kowane yanki. Mun kuma shawarci kowa, ranar da aka damƙa masa mota, ya ɗauki hoton matatar iska da ma'aunin baƙin mai da tiyon tobo da wayarsa, ya rubuta awoyin da aka umarce shi ya bar ta a kunne. Ƙanen namu yanzu shi ke fara warware wa sababbin zuwa dodon koɗin, kuma ya sake miƙa takardunsa a wani kamfanin.